Kafin a goge Windows a ɗora Linux, a fara sabunta BIOS

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a hukumance, masu tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka suka shiga tsaka mai wuya. Ƙarin wa'adin gyare-gyaren tsaro da kamfanin ya buɗe wa masu amfani na gida, lokacin da aka buɗe shi an sa iyakarsa 13 ga Oktoban 2026. Ita kuwa Windows 11 ba kowace na'ura take karɓa ba. Tana neman cif ɗin tsaro na TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel, mafi yawan furosesan da suka gabaci zubi na takwas ba sa cikin jerin waɗanda ta amince da su.

Wannan ya shafi ɗalibai da matasa masu ƙananan sana'o'i kai tsaye, domin da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannunsu na hannu ne, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka a baje a Titin Beirut na Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. Dell Latitude ne, da HP EliteBook, da Lenovo ThinkPad, waɗanda wani ofishi ya gama amfani da su amma har yanzu da sauran ƙarfinsu. Ga irin waɗannan na'urori, komawa Linux shawara ce mai kyau. Ubuntu da Linux Mint da Fedora duk kyauta ne, suna samun gyaran tsaro a kai a kai, kuma ba sa wahalar da tsohuwar na'ura.

Sai dai akwai wani mataki da yawancin masu wannan ƙaura suke tsallakewa, kuma daga baya shi ke dawowa ya dame su. Kafin a danna maɓallin da zai share Windows, ya kamata a sabunta BIOS. Tun ran gini tun ran zane: aikin da zai ɗauki 'yan mintuna yayin da Windows ke nan, yana iya zama wahalar kwana da kwanaki bayan ta tafi.

Mene ne BIOS, kuma me ya haɗa shi da Linux?

Mai wayar hannu bai saba tunanin wannan ba, kuma yana da dalili. Idan wayar Android ta ce akwai sabuntawa, ƙunshi ɗaya ne yake sauka, a cikinsa akwai babbar manhajar, akwai kuma ƙananan manhajojin da ke tayar da wayar da waɗanda ke kula da layin sadarwa. Kamfani ɗaya ne ya haɗa komai ya turo. Mai waya ya danna, ya jira, shi ke nan.

A kwamfuta abin ba haka yake ba. Akwai babbar manhaja, wato Windows ko Linux, wadda ke zaune a ma'ajiyar bayanai. Akwai kuma manhajar tushe, wadda ke zaune a wani ɗan ƙaramin cif a jikin bod ɗin kwamfutar. Ita ce ke fara farkawa idan an kunna na'ura, ta duba ƙwaƙwalwa da kibod da sikirin, sannan ta miƙa ragama ga babbar manhaja. A na'urorin zamani sunanta na gaskiya UEFI, amma masu gyara da masu saye duk BIOS suke ce mata, har kamfanonin ma haka suke rubutawa a shafukansu.

Aikinta ba ya ƙarewa da tayar da na'ura. Ita da wani ƙaramin cif da ke aiki tare da ita su ne ke da hannu a yadda batir ke caji, da lokacin da fanka za ta tashi, da yadda kwamfuta ke barci idan an rufe murfinta. Su ne kuma ke ba babbar manhaja bayanin kayan da ke cikin na'urar da yadda za a sarrafa wutarsu. Idan bayanin nan yana da kuskure, Windows sau da yawa ba ta nuna alama, domin da ita aka gwada na'urar a masana'anta, kuma direbobin kamfanin sun rufe ɓarakar. Linux ce ke zuwa ta yi tuntuɓe da shi.

Abin lura a nan shi ne, goge Windows ba ya taɓa BIOS. A goge ma'ajiya sau goma, a ɗora manhaja iri goma, BIOS ɗin da na'urar ta zo da shi yana nan yadda yake, da kurakuransa da ramukan tsaronsa.

Ƙofar da ke rufewa

Dalili na farko na gabatar da wannan aiki shi ne sauƙi. Kusan duk kamfanonin kwamfuta suna fitar da sabon BIOS a matsayin fayil ɗin da Windows ce ke buɗe shi. A sauke shi daga shafin kamfanin, a danna, na'ura ta sake tashi ta rubuta sabon a kan tsohon. Wasu ma ta cikin Windows Update yake zuwa, ko ta manhajojin kamfanin irin su Lenovo Vantage da HP Support Assistant da Dell Command Update. Duk waɗannan hanyoyi da Windows suke tafiya. Ranar da aka share ta, an share su.

Gaskiya ne cewa Linux tana da tata hanyar. A shekarar 2015 wani injiniyan kamfanin Red Hat mai suna Richard Hughes ya fara aikin manhajar fwupd da rumbun LVFS, inda kamfanoni ke ɗora sabuwar manhajar tushe domin masu Linux su samu kai tsaye. Dell na cikin waɗanda suka rungumi tsarin da wuri, Lenovo ya shiga a 2018 da jerin ThinkPad, wasu na'urorin HP na ofis ma suna ciki. Ga wanda na'urarsa ke cikin rumbun, sabunta BIOS a Linux bai fi sabunta manhajar waya wuya ba.

Matsalar ita ce rumbun bai ƙunshi kowa ba. Kamfani ne ke zaɓar samfurin da zai ɗora, kuma da yawa daga cikin tsofaffin samfura da kwamfutocin gida masu sauƙin kuɗi ba sa ciki. To su waye suka fi buƙatar barin Windows 10? Masu tsofaffin samfuran ne, waɗanda Windows 11 ta ƙi. Ke nan waɗanda suka fi ƙaura zuwa Linux su ne suka fi fuskantar yiwuwar samun ƙofar a rufe. Mai irin wannan na'ura idan ya gano daga baya cewa yana buƙatar sabon BIOS, yana iya samun kansa yana sake ɗora Windows gaba ɗaya domin fayil guda, sannan ya sake gogewa. Wannan asarar lokaci ce da asarar data, ga wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa.

Abin da tsohon BIOS ke jawowa

Misali mafi bayyana shi ne na ThinkPad X1 Carbon zubi na shida, wanda ya fito a 2018. Na'urar ta zo da sabon salon barci da aka tsara domin Windows 10, aka cire tsohon salon da Linux ta fi iya aiki da shi a lokacin. Masu Linux suka riƙa rufe murfi su saka a jaka, su ciro su tarar batir ya zube. Maganin bai zo daga Ubuntu ko Fedora ba. Lenovo ne ya fitar da sabon BIOS a cikin shekarar, wanda ya ƙara wani zaɓi a saitin barci mai suna Linux. Wanda ya sayi irin wannan na'ura ta hannu, da BIOS ɗin da ba a taɓa sabuntawa ba, zai ɗauka Linux ce ke shan batir, alhali gyaran ya daɗe da fitowa.

Irin wannan ne ke sa matasa da yawa su gwada Linux na mako guda su gudu. Fanka na ihu ba dalili, hasken sikirin ya ƙi raguwa, na'ura ta ƙi farkawa daga barci. Ba duk waɗannan ne laifin BIOS ba, wasu na direbobi ne. Amma wanda bai sabunta ba ba shi da hanyar bambancewa, sai ya yi ta neman magani a inda babu ciwo.

Sai batun tsaro, wanda ya fi wannan nauyi. Mutum ya bar Windows 10 ne domin ta daina samun gyaran tsaro. To ina amfanin sabuwar ƙofa a kan ruɓaɓɓen dogari? A watan Disamban 2023 masu bincike na kamfanin Binarly suka bayyana wasu ramuka da suka kira LogoFAIL, a sashen BIOS da ke nuna tambarin kamfani lokacin da na'ura ke tashi. Ta hanyar gurɓataccen hoto, mugu zai iya sa umarninsa ya gudana tun kafin Windows ko Linux ta farka. Ramin ya shafi na'urorin kamfanoni da dama, kuma babu babbar manhajar da za ta iya toshe shi. Sai sabon BIOS daga kamfanin da ya ƙera na'urar.

Akwai kuma wani abu. Tsarin Secure Boot, wanda ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tayar da na'ura, ya dogara da wasu takardun shaida na Microsoft da aka fitar a 2011, kuma wa'adinsu yana fara ƙarewa daga watan Yunin 2026. An riga an fitar da sababbi masu shekarar 2023. Wannan ya shafi Linux, domin ƙaramar manhajar da ke tayar da Ubuntu da Fedora a ƙarƙashin Secure Boot tana ɗauke da sa hannun Microsoft. Ƙarewar wa'adin ba ya nufin na'ura za ta mutu a ranar. Abin da yake nufi shi ne, na'urar da ba ta karɓi sababbin takardun ba tana iya ƙin amincewa da abin da aka sa wa hannu da su nan gaba. Ɗaya daga cikin hanyoyin da sababbin ke shiga na'ura ita ce sabon BIOS.

Masu cewa a bar shi yadda yake

Akwai masu gyara da ke hana taɓa BIOS, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Sabunta manhajar tushe ya bambanta da sabunta WhatsApp. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa a cif, na'ura na iya ƙin tashi kwata-kwata: a danna maɓalli, sikirin ya tsaya baƙi. Duk wanda ya taɓa ganin wayar da filashin ya lalace a tsakiya ya san irin wannan mutuwar. Gyaranta sai an buɗe na'ura an rubuta cif ɗin da wata na'ura ta musamman, ko a sauya bod. A ƙasar da wutar lantarki ke zuwa ta tafi ba sallama, kuma kwamfutocin hannu da yawa batirinsu ya riga ya gaji, tsoron garin gyaran gira a rasa ido tsoro ne mai tushe.

Amma idan aka duba da kyau, hujjar tana nuna yadda za a yi aikin ne, ba ta hana yin sa. Haɗarin kusan duka daga wuta yake, sai kuma daga ɗora fayil ɗin da ba na samfurin ba. Duka biyun abubuwa ne da ke hannun mutum. Manhajojin sabuntawa na manyan kamfanoni ma sukan ƙi farawa idan babu caja a jiki ko batir ya yi ƙasa sosai. Na'urar da batirinta ke riƙe wuta na awa guda ba ta damu da ɗaukewar wutar gari ba, domin aikin kansa 'yan mintuna ne. Wasu na'urorin HP da Dell kuma suna da hanyar farfaɗo da BIOS idan rubutun ya lalace.

Inda masu hanawa suke da cikakkiyar gaskiya shi ne na'urar da batirinta ya mutu murus, wadda ke mutuwa da zarar an zare caja. Irin wannan kada a taɓa BIOS ɗinta a kan wutar gari ko ƙaramin janareta, kuma kada a bi dabarun da ake yaɗawa na tilasta wa manhajar ta tsallake binciken batir. Ko dai a sauya batir tukuna, ko a je inda ake da inbata ko sola mai ƙarfi. Idan babu ɗaya daga ciki, a haƙura. Tsohon BIOS mai aiki ya fi mataccen bod.

Wasu kuma suna cewa Linux tana ɗora gyaran furosesa da kanta duk lokacin da ta tashi, don haka babu buƙata. Wannan gaskiya ne a kan wani ɓangare. Gyare-gyaren da Intel da AMD suka fitar bayan bayyanar matsalar Spectre a watan Janairun 2018 suna iya shiga ta wannan hanya. Amma hanyar iyakarta furosesa. Ba ta gyara barci, ba ta gyara caji, ba ta toshe rami irin na LogoFAIL.

Yadda ya kamata a jera aikin

Tsarin ba shi da wuya. Da farko a kwafe duk wani abu mai muhimmanci zuwa filash ko wata ma'ajiya ta waje, domin ko babu batun BIOS, ɗora sabuwar manhaja zai share komai.

Na biyu, a san na'urar da kyau. A Windows, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta msinfo32, za a ga sunan samfurin da lambar BIOS da ranar da aka fitar da shi. A ƙarƙashin na'urar akwai lambar shaida, wadda Dell ke kira Service Tag. Da wannan lamba za a shiga shafin tallafi na kamfanin a nemi BIOS ɗin wannan na'ura takamaimai. Kada a karɓi fayil daga rukunin WhatsApp ko Telegram ko wani shafin da ba na kamfanin ba. Samfura biyu na iya kama da juna kamar tagwaye amma bod ɗinsu daban.

Na uku, a karanta bayanin da ke tare da fayil ɗin. Wani lokaci ana buƙatar a ɗora wani matsakaicin zubi kafin na ƙarshe. Wani lokaci kuma kamfanin yana gargaɗin cewa bayan an sabunta ba za a iya komawa tsohon ba.

Na huɗu, a kula da BitLocker. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da ma'ajiyarsu a kulle ba tare da mai su ya sani ba. Sauya BIOS na iya sa Windows ta nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda galibi yana ajiye a asusun Microsoft na wanda ya saita na'urar. Idan na'urar ta hannu ce, mai yiwuwa asusun ba na mai ita na yanzu ba ne. Don haka a dakatar da BitLocker kafin a fara, ko a tabbatar mabuɗin yana hannu.

Na biyar, a cika batir, a jona caja, a rufe sauran manhajoji, a fara. Sikirin zai iya yin baƙi, fanka ta tashi da ƙarfi, na'ura ta kashe kanta ta kunna fiye da sau ɗaya. Duk cikin aikin ne. Kada a taɓa maɓallin wuta, kada a rufe murfi, kada a zare caja har sai Windows ta dawo.

Bayan nan sai a shiga saitin BIOS, da F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, a duba abubuwa biyu. Ɗaya shi ne yanayin ma'ajiya. Idan yana kan RAID ko Intel RST, mai ɗora Ubuntu yana iya ƙin ganin ma'ajiyar sai an mayar da shi AHCI. Ɗayan shi ne kalmar sirrin mai kula. Kwamfutocin da suka fito daga ofisoshi wani lokaci suna zuwa da BIOS a kulle, kuma gara a gano haka tun ana iya komawa wurin mai shago. Dalilin gabatar da sabuntawa a kan waɗannan saituna shi ne, sabon BIOS wani lokaci yana mayar da saiti yadda ya fito daga masana'anta.

Mai tsoron rasa lasisin Windows ya kwantar da hankalinsa. Tun daga Windows 8, na'urorin da suka fito da Windows daga masana'anta suna ɗauke da mabuɗin a cikin manhajar tushe, don haka goge ma'ajiya ba ya tafiya da shi.

Wanda ya riga ya goge fa?

Bai makara ba. Ya buɗe tasha a Linux ya rubuta fwupdmgr refresh, sannan fwupdmgr get-updates. Idan na'urarsa na cikin rumbun LVFS zai ga abin da ke jira, sai ya rubuta fwupdmgr update. Idan ba ta ciki, akwai sauran hanyoyi. Yawancin na'urorin Dell na ofis suna karɓar fayil ɗin BIOS daga filash mai tsarin FAT32, ta cikin jerin zaɓin da F12 ke buɗewa lokacin tashi, ba tare da Windows ba. Lenovo yana fitar da wani fayil na ThinkPad da ake iya tayar da na'ura da shi kai tsaye. Na'urorin HP na ofis da yawa suna da zaɓin sabuntawa a cikin saitin BIOS ɗin kansa. Abin da bai kamata a gwada ba shi ne buɗe fayil ɗin Windows ta manhajar Wine ko ta kwamfutar kwaikwayo da ke cikin Linux. Wannan aiki yana buƙatar isa ga cif ɗin gaske, kuma waɗannan hanyoyi ba a gina su domin haka ba.

Alhakin ba na mai saye kaɗai ba ne

Matashin da ya kai kwamfutarsa shago a ɗora masa Linux ya biya kuɗin aiki ne, kuma aikin bai cika ba idan mai shagon bai duba BIOS ba. Mai shago yana da abin da abokin cinikinsa ba shi da shi a gida: wuta mai tsayawa, da intanet, da sanin samfura. Duba lambar BIOS ba ya cin minti biyu. Masu sayar da kwamfutocin hannu ma ya dace su mayar da wannan cikin abin da suke yi kafin su baje kaya, kamar yadda suke goge jiki su gwada kibod. Mai saye kuma yana da damar ya tambaya tun kafin ya biya: BIOS ɗin a kulle yake ko a buɗe, kuma yaushe rabon da a sabunta shi?

Kamfanonin da ke ƙera na'urorin su ne ke da babban kaso. Rumbun LVFS a buɗe yake, kuma kamfanonin da suka shiga sun nuna abu ne mai yiwuwa. Babu hujjar da za ta sa gyaran tsaron na'urar da mutum ya mallaka ya zama sai ta hanyar babbar manhaja guda, musamman yanzu da ita wannan manhajar ta juya wa miliyoyin na'urori masu lafiya baya. Mai shirin sayen kwamfuta da niyyar ɗora Linux yana iya duba sunan samfurin a shafin LVFS daga wayarsa yana tsaye a gaban shago, ya fifita wanda ke ciki.

Kafin kamfanonin su gyara halinsu, mai na'ura shi zai kare kansa. Windows 10 da ke kan tsohuwar kwamfutarsa tana da sauran aiki guda da za ta yi masa kafin su rabu. Ya cika batir, ya sauke fayil ɗin daga shafin kamfanin, ya bar ta ta gama wannan aikin, sannan ya jona filash ɗin Linux.